Tana Ci Tana Ramewa: A Duba Wuyanta

Idan mace tana cin abinci fiye da yadda ta saba amma kullum sai ƙara ramewa take yi, ga gumi ko a tsakiyar hunturu, ga zuciya tana dukan tara-tara alhali tana zaune, to a tuna da wata 'yar halitta da ke gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. Likitoci suna kiranta tayiroid, kuma ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki: yadda ake ƙona abinci, bugun zuciya, ɗumin jiki, har da motsin hanji. Idan sinadarin ya yi yawa, sai jiki ya koma kamar injin niƙa da aka bari a kunne dare da rana.

Shi ya sa alamominta suke a warwatse. Hannu na karkarwa, barci ya ƙaurace, fita bayan gida ta yawaita, al'ada ta ragu ko ta ɗauke, cinyoyi su yi rauni har tashi daga tabarma ya zama aiki. Wasu idanunsu kan firfito. Wasu wuyan kan kumbura, wasu kuwa ba a ganin komai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fassara waɗannan alamomi a gidajenmu. Saurin fushi da rashin natsuwa suna cikin ciwon, amma sai a ce matar ta zama masifaffiya. Rama ta sa a fara raɗe-raɗin ƙanjamau ko tarin fuka. Firfitowar ido da faɗuwar gaba su sa a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi da rubutu wata da watanni, zuciya kuwa tana can tana galabaita. Akwai auren da ya mutu a kan abin da gwajin jini ɗaya zai bayyana. Maigida, idan halin iyalinka ya sauya tare da rama, kai ta asibiti kafin ka yanke mata hukunci. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Mafi yawan lokuta musabbabin shi ne cutar Graves, inda garkuwar jiki ke tunzura halittar ta yi aiki ba ƙaƙƙautawa. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman masu shekara 20 zuwa 50, tana kuma bin dangi, amma ba a ɗaukarta daga wani. Kada a haɗa ta da maƙoƙon ƙarancin aidin, wanda saboda shi ake sa aidin a gishiri. Mai cutar Graves ba ƙarin aidin take buƙata ba, yana ma iya tsananta mata.

Gwajin na jini ne, ana auna T4, wato sinadarin da halittar ke fitarwa, da TSH, sinadarin da ke umartar ta ta yi aiki. Idan TSH ya yi ƙasa, T4 ya hau, magana ta fito. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da likitocin wannan fanni.

Ana warkewa. Maganin da aka fi bayarwa shi ne carbimazole, sau da yawa tare da propranolol don lafar da bugun zuciya da karkarwa. Akan sha carbimazole wata 12 zuwa 18, ana maimaita gwaji ana daidaita ƙwayar. Cikin 'yan makonni mara lafiya za ta ji sauƙi, jiki ya fara murmurewa, kuma a nan ne da yawa suke ajiye magani. Ciwon sai ya dawo. Wanda aka bari ba kulawa yana rikita bugun zuciya, ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ya raunana ƙashi, wani lokaci ya taso gaba ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa har a rasa rai. Idan ƙwaya ba ta wadatar ba, akwai tiyata, akwai kuma aidin na musamman mai rage ƙarfin halittar.

Mai juna biyu, ko mai shirin ɗauka, ta gaya wa likita tun da wuri, domin a watanni 3 na farko akan sauya mata magani zuwa propylthiouracil saboda lafiyar jinjiri.

Ga mai shan carbimazole kuma, idan zazzaɓi ya zo da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, kada a ce maleriya ce a wuce kemis. Jefi-jefi maganin kan karya ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. A dakatar da shi, a je asibiti a ranar, a gaya musu sunan maganin, a auna jini.