Ma'ana ta Haɗin Sassa a Tsarukan Kwamfuta Masu Aiki Lokaci Guda

Ma'ana ta haɗin sassa ƙa'ida ce a kimiyyar kwamfuta da ke cewa ana iya sanin halin babban tsari daga halin sassansa da yadda aka haɗa su, ba sai an buɗe cikin kowane sashe ba. Ana danganta asalinta da Gottlob Frege, masanin falsafa da lissafi na Jamus.

Ga manhajar da ke aiki ita kaɗai, lamarin da sauƙi: a duba abin da ya shiga da abin da ya fito. Wahalar tana fitowa ne idan ayyuka biyu suna gudana lokaci guda a kan abu ɗaya. Duk wanda ya ga lugude a gidan biki a Daura ya san wannan. Kowace mace ta iya daka ita kaɗai, amma idan turmi ɗaya ne, sai an san lokacin da kowace tabarya za ta sauka, in ba haka ba su gwaru. Haka abin yake a manhaja. Umarnin da ya mai da wata lamba mai suna x ta zama 2 kai tsaye, da wanda ya mai da ita 1 sannan ya ƙara 1, sakamakonsu ɗaya ne. Amma da zarar wani aiki na gefe ya taɓa x a tsakani, sun rabu. Ashe sakamako kaɗai bai isa ya zama ma'ana ba, kuma nan ne gaɓar da ta fi cancantar ɗalibi ya tsaya a kanta.

Masana kimiyyar kwamfuta da dama sun yi aiki a kan wannan matsala. Carl Adam Petri ya gabatar da ragarsa a 1962, wato zanen lissafi da ke nuna yadda ayyuka ke gudana lokaci guda. Tony Hoare ya fito da CSP a 1978, Robin Milner kuma da CCS a 1980. Dukansu harsuna ne na siffanta ayyuka masu sadarwa da juna, inda haɗa ayyuka ya zama alamar lissafi kamar tarawa. A 1981 David Park ya tsara gwajin kwaikwayon juna: tsari biyu daidai suke idan duk takun da ɗaya ya yi, ɗayan zai iya mayar da irinsa. A 1984 Brookes, Hoare da Roscoe suka ƙara lissafa abin da aiki zai iya ƙin yi, domin a gano cirko-cirko, wato kowa na jiran kowa.

Amfanin a fili yake. Sassa 10 masu yanayi 10 kowanne suna iya haifar da yanayi biliyan 10 idan aka haɗa su. Tantance kowane sashe daban, sannan a haɗa hujjojin, shi ke sa injiniya ya iya tabbatar da ingancin tsarin da ya fi ƙarfin a bi shi ɗaya bayan ɗaya.