Ƙarya Ta Girmi Wayar Hannu

A majalisun shayi na Sakkwato, daga Kanwuri har Mabera, sau da yawa za ka ji dattijo yana cewa Facebook da WhatsApp ne suka kawo labaran ƙarya, wai a da ba a san su ba. Da girmamawa, Baba, abin ya girmi wayarka.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Cikin dalilan kafa ta har da jita-jitar da ta cika Arewa cewa Turawan Ingila za su miƙa Najeriya ga Jamusawan Hitila. Babu intanet a lokacin, baki da kasuwa da fatake ne suka yi aikin. Ita kanta jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, tana da ɓangaren da take karewa, don haka son rai a aikin jarida ma tsohon abu ne.

A 2003 raɗe-raɗi kan allurar shan-inna sun sa Kano ta dakatar da rigakafi kusan shekara guda, cutar ta bazu har wasu ƙasashe. Ko Facebook ba a ƙirƙira ba tukuna.

Abin da waya ta ƙara shi ne gudu. A Agustan 2014, cikin dare ɗaya, saƙon wanka da ruwan gishiri don maganin Ebola ya ratsa ƙasar nan, mutane suka tashi tsakar dare suna dafa ruwa.