Doka ta ce a kai yaro makaranta, to hanyar fa a wuyan wa take?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004, wadda aka fi sani da dokar UBE, ɓangare biyu ta ɗora wa nauyi. Gwamnati za ta bai wa kowane yaro ilimi kyauta na shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Uba ko mariƙi kuma dole ya tabbatar yaron yana zuwa har ya kammala. Wanda kotu ta kama da laifin hana ɗansa, karon farko jan kunne ne. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, ko duka biyun. Idan ya sake, naira 5,000 ko wata biyu, ko a haɗa masa. Kuɗin tarar sun zama abin dariya a yau, amma ɗaurin yana nan a rubuce.

Dokar ta lissafa abubuwan da za a bayar kyauta: littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru da tebura, da abincin rana. Duk wanda ya karɓi kuɗi a kan waɗannan yana fuskantar tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku. Mota ba ta cikin lissafin. Haka nan dokar ba ta yanka wani nisa da idan gidanku ya kai shi, gwamnati za ta ɗauki nauyin kai ɗanka da dawo da shi ba. A Ingila akwai irin wannan ma'auni: yaron da bai kai shekara takwas ba, idan makarantar da ta fi kusa da shi ta haura mil biyu, ƙaramar hukuma ce ke jigilarsa kyauta, wanda ya kai takwas kuwa sai ta haura mil uku. Ko ba ta kai hakan ba, in aka duba aka ga hanyar ƙafa tana da haɗari, ana ɗaukarsa. Wannan tsarinsu ne. Uban da ke wani ƙauye a Albasu ko Gwaram ba shi da sashen da zai nuna a dokar UBE ya ce a ba ɗansa kujera a mota.

Motocin 'yan mata 'yan makaranta da Kano ta fito da su zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta gyara ta mayar da su kan titi, shiri ne na gwamnati, kuma birni da kewayensa suka fi cin moriyarsa. Shiri yana iya tsayawa ranar da kuɗin mai ya yanke, ba wanda za ka kai ƙara. Saboda haka a karkara tafiyar yaro tana hannun iyaye da kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC, sai kuma dokokin hanya da suka hau kan kowa.

Idan iyaye suka yi karo-karo suka ɗauki hayar abin hawa, ko makarantar kuɗi ta sayi bas, ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012 ne ke aiki, Hukumar Kiyaye Haɗurra ce ke sa ido a kansu. Motar makaranta ana son ta da fenti ruwan ɗorawa da rubutun da ke nuna ta ɗalibai ce, don direban da ke bayanta ya san za ta tsaya yara su sauka. Direba sai mai lasisin da ya dace da motar, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisi ko na babur ne. Kada a ɗauki fiye da yawan kujeru. Yaron da bai kai shekara 12 ba ba ya zama a gaba. Akori-kura da kurkura na kaya ne, ba su da abin riƙewa, birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya watso yaran da ke tsaye a baya.

Babur shi ne abin da aka fi karya dokarsa. Ƙa'ida fasinja ɗaya ne, shi da direba kowa da hular kwano. Abin da ake gani da safe shi ne ɗan acaɓa da yara huɗu, ƙaramin a kan tanki. Wanda ke kan tankin yana hana kan babur juyawa sosai, kuma in aka yi karo shi ke fara tashi. Na ƙarshe a baya ƙafarsa ba ta samun wurin takawa, sai ta riƙa lilo kusa da taya da salansa mai zafi. Ga 'yan mata kuma akwai bakin hijabi: dogon hijabi yana shiga sarƙa ko wayar taya ya fizgo yarinya ta wuya. Kafin babur ya tashi a tattare shi a cusa ƙarƙashin cinya.

Mafi yawan yara dai da ƙafa suke tafiya. Tun 1972 motoci a Najeriya suke bin hannun dama. Inda babu hanyar masu tafiya a ƙasa, kundin dokokin hanya ya ce a yi tafiya ana fuskantar motocin da ke tahowa, ma'ana yaro ya bi gefen hagu, a zuwa da dawowa. Dalili shi ne yana ganin motar da ta kauce ya yi tsalle gefe, wanda ya ba ta baya kuwa sai ƙara kawai zai ji. A yi layi ɗaya, ba a jeru uku uku ana hira ba. Babba a gaba, wani babban a baya, ƙanana a tsakiya.

Tsallaka titi ya fi tafiya a gefensa haɗari. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Yaro ɗan aji ɗaya yana buƙatar daƙiƙa bakwai ko takwas kafin ya ƙetare titi mai hannu biyu, a cikinsu motar ta ci mita 200. Idan gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata tana ninkawa sau huɗu. Doka ta ce cikin gari kada a wuce kilomita 50 a awa, amma duk wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Wudil, ko na Zariya wajen Kura, ya san direbobi da yawa ba sa ɗaukar ƙauye a matsayin gari. Ƙaramin yaro kuma bai iya auna gudu ba, nisan mota kawai yake gani. Don haka a tsayar da wuri ɗaya na tsallakawa, miƙaƙƙe, nesa da kwana da gangare, ba bayan tirelar da aka ajiye ba, a kuma sa babban mutum a wurin lokacin shiga da tashi. A titi mai hannu biyu da aka raba tsakiyarsa, a tsallaka rabi, a tsaya, a sake dubawa, domin 'yan babur kan bi hannun da ba nasu ba.

Duba hanya aikin kwamitin makaranta ne, kuma da ƙafa ake yinsa, a daidai lokacin da yara ke bi, ba da yamma a kan babur ba. A yi sau biyu a shekara, domin hanyar rani daban, ta damina daban. Burtalin da yake fili a watan Maris, a watan Satumba dawa ta rufe shi ta ko'ina, ba mai hango yarinyar da ke tafe ita kaɗai. Kududdufin da masu aikin titi suka haƙa suka bari yana cika, bakinsa yumɓu ne mai santsi, zurfinsa kuma farat ɗaya yake farawa. Kwalbatin da ruwa ya ci ƙarƙashinsa yana nan kamar lafiya lau daga sama. Ruwa mai gudu da ya kai wa yaro gwiwa yana iya kayar da shi, kuma gwiwar ɗan shekara shida ake nufi, ba ta malami ba. A watan Disamba da Janairu hazo kan rage ganin direba da sassafe, farin yunifom ko hijabi mai haske yana taimakawa. A kuma lura da ranar kasuwa: Juma'a a Wudil, Alhamis a Maigatari, manyan motocin shanu suna cika titi tun asuba. Tankar mai da ta faɗi kuwa, wadda ta kama da wuta ta kashe mutane da yawa a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Oktoban 2024 ta isa a gaya wa kowane yaro ya yi nesa da irinta.

Inda sai an yi fito, kamar garuruwan bakin Kogin Haɗeja da ambaliya ke yankewa, ƙa'idar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ita ce kowa da rigar ruwa, ba lodi fiye da kima, ba tafiya bayan ƙarfe shida na yamma. Jirgin da ya kife a madatsar Watari a ƙarshen Nuwamban 2021, tsakanin Badau da Bagwai, yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne, kuma lodi ya yi masa yawa. Gara a yi sawu biyu yara su makara.

Abin da aka gano a rubuta shi, shugaban makaranta da shugaban kwamiti da dagaci su sa hannu, a kai wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi. Takardar da ta ce "hanyarmu ba kyau" ba ta zuwa ko'ina. A faɗi yawan yaran da ke bi, daga wace unguwa, nisan kilomita nawa, wane wuri ne takamaimai, da watannin da zuwa makaranta ke raguwa kamar yadda rajistar aji ta nuna. A fara sanin mai titin: na tarayya ne, na jiha, ko na ƙaramar hukuma, domin kowanne ofishinsa daban. Tudun rage gudu a titin tarayya sai da izinin Ma'aikatar Ayyuka. Wanda matasa ke yi da ƙasa da kututture bayan an buge yaro, ba fenti ba alama, da dare shi ma yakan kayar da babur, kuma hukuma na iya rushe shi. A nemi na ƙa'ida tare da allon gargaɗi a kowane ɓangare. In kuma nisa ne matsalar, sau da yawa neman a buɗe aji ɗaya zuwa uku a unguwar ya fi neman mota saurin samuwa, tunda gina aji yana cikin abin da dokar UBE ta ce a yi. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, a rubuta ta a bangon ofishin shugaban makaranta.