Ƙwayar ƙara kuzari: wane nauyi ke kan ƙungiyoyin wasanni?

Wani mai horar da yara masu tsere a nan Jos ya tare ni da waɗannan tambayoyi. Na ga ya dace sauran masu kulob su ma su ji amsoshin.

Me ya shigo da gwamnati cikin maganar?

Ƙa'idojin hana shan ƙwaya a wasanni na WADA ne, wato hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, wadda aka kafa a 1999. Sai dai ba ta da ikon yi wa wata ƙasa doka, shi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar UNESCO ta 2005, Najeriya kuma na ciki. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar ƙasa ta yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari.

To, mene ne aikin ƙungiya?

Ta ilmantar da 'yan wasanta, ta ga an gwada su a kan lokaci, ta kuma aiwatar da hukunci. Nan ne muka fi sakaci. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, an hana 'yan Najeriya 10 shiga wasannin guje-guje da tsalle-tsalle. Ba a same su da komai ba. Gwajin ba-zata uku da ake buƙata kafin gasar ne ba a cika musu ba. Shekaru suna zuba gumi, sun isa Japan, suka koma 'yan kallo. Har yau abin na ci mini rai.

Idan yaro ya sha bai sani ba fa?

Duk abin da aka samu a jikinsa, shi ke da alhaki. Rashin sani na iya rage hukunci, amma lambar da ya ci ta tafi. Chika Amalaha tana 'yar shekara 16 aka ƙwace mata zinaren ɗaga nauyi a gasar ƙasashen renon Ingila ta 2014. Wa zai ce yarinya kamar wannan ita kaɗai ke kula da abin da take sha?

Abin da ya fi kusa da mu shi ne tiramol. Tun 1 ga Janairun 2024 aka haramta shi a lokacin gasa. Yaro ya dawo daga filin Rwang Pam gwiwa na zogi, ya biya kemis a ba shi kati ɗaya, ya jefa kansa a rami. Haɗin gargajiya na cikin gora ma a yi hattara, tunda babu mai sanin abin da aka zuba.

Yaya ake gwajin?

Jami'i jinsin ɗan wasan zai tsaya a gabansa ya ba da fitsari, aƙalla mililita 90. Ɗan wasan da hannunsa zai raba shi kwalba biyu, A da B, ya rufe. In ta farko ta nuna wani abu, yana da damar neman a buɗe ta biyu. Ƙin ba da fitsari laifi ne, wanda ya sha da gangan kuma dakatarwar shekara 4 ce ke jiransa.

Mai ciwo fa, kamar asma?

Akwai izinin musamman na amfani da maganin da aka haramta. Likita ya cike takarda, a miƙa wa hukuma tun kafin gasa.