Wai mi ake nufi da lanskefin a gyaran tsohon gida?

Kwanan baya ƙanen wani abokina da ke gyaran tsohon gidansu na gado can cikin gari ya turo mani takardar lissafin da injiniya ya ba shi, daga ƙasa an rubuta lanskefin da kuɗi masu kauri, ya ce "Yaya, wanga kuma mi ne ne, fulawa za a shuka mani ta kuɗi haka?"

Kalmar ta Turanci ce, kuma abin da take nufi shi ne tsara duk filin da ke wajen ɗakuna, tun daga garka har tsakar gida da bayan ɗaki: ina za a cike da ƙasa, ina za a rage, ta ina ruwa zai bi ya fita, ina za a sa intalok (ƙananan bulon siminti da ake jerawa a daɓe fili), ina icce zai tsaya. Fulawa tana ciki amma ita ce ta ƙarshe. A tsohon gida kam ni a ganina rabin aikin duk maganar ruwa ce.

Duba yadda gidajen cikin gari suke. An gina su shekaru da yawa, tun daga lokacin an yi ta cikon titi ana zuba marmara ana ɗaga kwata, har titi ya zo ya fi tsakar gida tudu. To sai mai gyara ya zo shi ma ya kira tifa biyu ya cike tsakar gidan ya shimfiɗa intalok a kai don ya yi kyau, bai lura ba yanzu tsakar gida ta fi daɓen ɗaki tsawo, ranar da aka yi ruwan Agusta irin mai sauka kamar da bakin ƙwarya sai a kwana ana kwalfe ɗaki da bokiti. Ruwanmu na Sakkwato ba shi da yawa a shekara, daga Yuni zuwa Satumba ne kusan duka, amma idan ya tashi zuwa lokaci guda yake zuwa.

Ƙa'idar da magina ke bi ita ce ƙasa ta gangara daga jikin bango zuwa waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Sannan duk inda indararo ke zubar da ruwa a yi mashi wurin sauka na siminti ko dutse da hanyar da zai bi har kwata. Wannan ya fi muhimmanci ga ginin ƙasa, don shi ba ya da ledar nan ko kankaren da ake sawa a tushen ginin zamani don hana damshi hawa, ruwa na kwanciya a gindinshi zai sha, ya jiƙe daga ƙasa, filastar simintin da aka yi mashi ta fara kumbura tana ɓantalewa. Ga gara kuma, ba abin da take so irin damshi a jikin bango. Shi ya sa idan na ga an jera fulawa manne da tsohon bango ana ba ta ruwa safe da yamma nakan ji ba daɗi wallahi.

Sai maganar itatuwa. Wanda ya san Afrilun garin nan da zafi ke wuce digiri 40 ba sai an faɗa mashi darajar inuwa ba, kuma intalok da kankare suna shan rana su riƙe zafin har dare, ka shafe fili duka ka sare dogonyaron da kakanka ya dasa, to ka shirya kwana kan tanda. Idan akwai tsohon icce a bar mashi ƙasa a buɗe kewaye da gindi, kar a binne gindin da ciko, kar leburori su riƙa kwaɓa siminti ko wanke shebur a ƙarƙashinshi. Sabon dashe kuma a nisanta shi da bango da sokawe, musamman durumi da ceɗiya masu saiwar da ke tafiya neman ruwa. Ƙaramin gida zogale da gwaiba da lemun tsami sun ishe shi, lalle ma yana yin shinge mai kyau. Ciyawar nan kore shar ta hotuna kuwa sai mai bohol.

Ana tsara aikin tun farko amma ana yin shi a ƙarshe, bayan an gama rufi da filasta, an binne bututun ruwa da wayar lantarki, in ba haka ba sai an sake tone intalok ɗin. Shi dai yaron nan na ce mashi ya koma wurin injiniyan ya ce a nuna mashi ta ina ruwan tsakar gidan zai fita tukuna, kafin a yi maganar kalar intalok.