Jinsi: kalmar da aka labta wa kayan da ya fi ƙarfinta

A wani taron bita da aka yi a wani otal a nan Gombe, an gayyato masu unguwanni da limamai da shugabannin mata, ni kuma aka ba ni aikin tafinta. Baƙuwar da ta zo daga Abuja tana zuba Turanci ina juyawa, komai lafiya lau, har muka kai inda na ce manufar shirin ita ce samar da daidaiton jinsi. Sai wani dattijo a sahun gaba, mai unguwa ne, ya ajiye robar ruwan da ke hannunsa ya gyara zaman rawaninsa. Ya ce, "Malam, jinsin nan da kake ta faɗa, shi ne na auren jinsi?" Ɗakin ya yi tsit. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, maganar sa 'ya'ya mata a makaranta ce, da barin masu ciki su je awo." Ya ce, "To me ya hana ka faɗi haka tun farko?"

Ban ga laifinsa ba. Kalmar ce muka mayar jakin kowa, duk mai kaya sai ya ɗora mata.

Asalinta Larabci ne, kuma a can ma'anarta iri ko nau'i. Da wannan ma'anar malamai suka daɗe suna amfani da ita: jinsin mutane da jinsin aljanu, jinsin Larabawa, jinsin tsuntsaye. Daga nan masu nahawun Hausa suka ɗauke ta don rarrabe sunaye, shi ya sa ɗan aji ɗaya a sakandare zai gaya maka rana mace ce, wata namiji ne, riga mace, wando namiji. Yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin "a" mata ne, amma gida da ruwa da nama da suna sun ƙi bin layi. Sunayen garuruwa kuwa mata ne, sai ka ce Gombe ce, Bauchi ce. Mu na wannan yankin mun san yadda Kanawa ke yi mana dariya idan bakinmu ya suɓuce muka ce "mota ne" ko "matata ya zo". Wani ɓangare na dalilin yana cikin Fulatanci, wanda bai raba namiji da mace a lamiri ba, "o" ɗaya ce ta shi da ta ita. Ba wanda ya taɓa duba ƙarƙashin kujera ya ga shaidar macentaka. Jinsin nahawu yarjejeniyar masu harshe ce kawai.

Na jiki kuwa ba yarjejeniya ba ne. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu zarurruka masu ɗauke da gadon iyaye, ana kiransu kuromosom. Guda 46 ne, an jera su biyu-biyu, tagwaye 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Tagwaye na ƙarshe su ne na jinsi: a wurin mace XX, a wurin namiji XY. Wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, ita ta gano a 1905, tana binciken wasu ƙwari, cewa ɗan ƙaramin zaren nan na Y ne ke raba namiji da mace. Sai a 1990 wasu masu bincike a Landan suka kai ga ainihin gurbin da ke kan Y mai ba da umarnin, suka sa masa suna SRY. Abin mamakin shi ne a makonni shida na farkon ciki ɗan tayi namiji da mace ba su da bambancin da ido zai gani, tsiron gaɓoɓin iri ɗaya ne. Wajen mako na bakwai, in akwai SRY, sai tsiron ya zama 'ya'yan maraina, su fara fitar da sinadarin testostiron wanda zai gina sauran. In babu, sai tsiron ya zama ma'ajiyar ƙwai, mahaifa ta ginu.

A nan zan ɗan tsaya, don akwai zaluncin da ake yi da jahiltar wannan. Ƙwan mace X kawai yake ɗauke da shi, ba shi da wani abin bayarwa. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, wani mai X wani mai Y, kuma wanda ya riga shiga ƙwan shi ke yanke hukunci, da ikon Allah. Wata maƙwabciyarmu ta haifi 'yarta ta biyar, ranar suna ina tsakar gida wajen rabon waina na jiyo uwar mijin daga ɗaki tana cewa 'yan barka, "Ba a yi komai ba, mace ta haifi mace." Aka yi dariyar yaƙe. Mai jegon tana gefen gado, ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririyar hula. Kafin a yaye yarinyar har an fara yi wa mijin zancen ƙarin aure, wai ya nemo mai haihuwar maza. Ƙarin aure halal ɗinsa ne, ba wanda ya hana shi, amma dalilin da aka ba shi ba gaskiya ba ne. In ma akwai wanda za a tambaya ina Y ɗin ya tsaya, to ba matar ba ce. Shi ma mijin ba zaɓa yake yi ba.

Wannan tsari na XX da XY shi ne na mafi yawan mutane, amma ba na kowa ba. Akwai macen da ake haifa da X ɗaya tak, yawanci takan kasance gajera kuma balagarta ba ta zuwa sai da magani. Akwai namiji mai XXY, wanda sau da yawa ba ya sanin komai sai an yi aure an nemi haihuwa an rasa. Akwai kuma waɗanda Bahaushe ya daɗe da yi wa suna, mata-maza, wato jaririn da ungozoma za ta duba ta kasa cewa ga abin da aka samu. Sababin da likitoci suka fi gani shi ne jaririya mace, XX, wadda wasu 'yan halittu da ke zaune a saman ƙodarta suka riƙa fitar da sinadarin maza fiye da kima tun tana ciki, sai gabanta ya yi kama da na namiji. Wannan nau'in yana da haɗari, domin da yawansu jikinsu ba ya riƙe gishiri: cikin mako biyu zuwa uku jariri zai fara amai, ya ƙi nono, ya yi laushi, in ba a kai asibiti ba a rasa shi. Akwai kuma akasin haka, mai XY wanda jikinsa ba ya jin kiran testostiron sam, sai a haife ta mace sosai, ta girma mace, ba a gane komai sai ƙawayenta duk sun fara al'ada ita shiru.

Abin da ke wahalar da iyaye a nan kwana bakwai ne. Rago na ɗaure, an gaya wa liman, wanzami na jira, dangi na tambaya me aka samu. Sai a yi gaggawar raɗa suna a rufe maganar, a hana kowa yi wa jariri wanka sai kaka. Ina ganin gara a sha kunyar ɗage walima da a yi shekara goma sha biyar ana ɓoyo. Muna da asibitin koyarwa a Gombe, akwai na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, nan ne wurin kai irin wannan jariri tun a kwanakin farko.

Masu ganin zancen mata-maza baƙon abu ne daga Turai, su tambayi duk wanda ya yi karatun zaure ya kai babin gado. Malaman fiƙihu sun kira shi hunsa, sun kuma shimfiɗa alamomin da za a duba: ta ina fitsari ke fita, in ta biyu ne wanne ya fi yawa ko ya riga, sannan in an balaga a ga gemu ne ya fito ko nono, haila ce ko maniyyi. Wanda duk aka duba aka kasa rarrabewa shi ne hunsa mushkili, kuma a mazhabar Malikiyya ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, da wannan mas'alar ma ya rufe. Ba su ɗauki mutumin a matsayin abin tsoro ba, sun ɗauke shi magaji mai haƙƙi, suka zauna suka yi masa lissafi.

To daga ina "jenda" ta fito, wadda ma'aikatan ƙungiyoyi ke yawan faɗa? Su ma Turawa a da a nahawu suka fi saninta. Wani masanin halayyar ɗan Adam, John Money, wanda ke aiki da yara mata-maza a asibitin Johns Hopkins na Amurka, shi ya jawo ta a 1955 don ya raba halittar jiki da irin rawar da mutum ke takawa a matsayin namiji ko mace. Rabawar ta yi amfani, amma shi ya wuce gona da iri. Ya ɗauka tarbiyya kaɗai ta isa ta mayar da kowane jariri duk abin da aka ga dama. Aka kawo masa wani yaro ɗan Kanada, David Reimer, wanda aka haifa a 1965, gabansa ya lalace wajen kaciya. Ya ba iyayen shawarar a rene shi a matsayin mace, aka yi masa aiki, aka canja suna, aka sa masa riguna. Yaron bai taɓa yarda ba. Yana ɗan shekara 14 aka gaya masa gaskiya, ya koma namiji, amma rayuwar ba ta yi masa daɗi ba, ya kashe kansa a 2004. Daga taron mata na duniya da aka yi a Beijin a 1995 ne kalmar ta cika takardun gwamnatoci da na masu ba da tallafi, mu kuma da ta iso hannun masu fassara sai muka ce jinsi, tunda ita ce kusa.

Labarin Reimer ya nuna tarbiyya ba ta goge halitta. Amma mu ma muna da namu kuskuren, na kiran duk abin da muka saba da shi halitta. Magidancin da zai ce Allah ya kiyaye ya hura wuta a gidansa, shi ne da safe yake zaune a teburin mai shayi, wani ƙato yana soya masa ƙwai da indomi. Wanki aikin mata ne a cikin gida, a bakin titi kuma wankau namiji ne. A ƙauye mata ke zuwa rafi da tulu, a Jekadafari da Pantami 'yan ga-ruwa maza ne ke tura kura. Gangara kudu, wajen Kaltungo da Billiri, za ka ga mata a gona da fartanya tun asuba, alhali a wasu gidajen cikin gari mace ba ta leƙa ƙofar zaure sai da dare. Bafulatana ita ke da ƙwaryar nononta da cinikinta. Jiha ɗaya ce fa, tafiyar awa ɗaya ko biyu. Haihuwa da shayarwa ba sa canjawa daga Dukku zuwa Dadiya, amma wa ke ɗebo ruwa, wa ke noma, wa ke riƙe kuɗi, wannan kowane gari da nasa. Shi ne abin da masu cewa jenda suke nufi. Kuma yaro tun yana shekara biyu zuwa uku ya san shi namiji ne ko mace, daga nan sai ya zuba ido ya ga me irinsa ke yi. Yarinya ta goya takalmi da ɗankwali, yaro ya ja motar gwangwani, in ya ɗauki tsintsiya a ce ajiye, kai ba mace ba ne. Ba a makaranta ake koyar da darasin ba, amma ba wanda ke faɗuwa jarrabawarsa.

Ba ina cewa kowane rabon aiki zalunci ba ne. Wani addini ne ya tsara shi, kamar ciyarwa da ke wuyan miji. Wani kuwa al'ada ce zalla aka yafa mata mayafin addini. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi zamani tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, ta rasu a 1864, amma har yau akwai uban da zai cire 'yarsa daga aji huɗu ya ce ai mace ce.

Sai kayan ƙarshe da aka ɗora wa kalmar, wanda ya tayar wa mai unguwa hankali. Da kafafen labarai suka tashi fassara auren namiji da namiji ko mace da mace, sai suka ce auren jinsi ɗaya, bakin mutane ya gutsure ya koma auren jinsi. Ya bazu ne musamman lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta shi a Janairun 2014, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. Wannan magana ce ta sha'awa, wato wanda zuciyar mutum ke karkata gare shi, kuma ita daban take da halittar jiki, daban da rabon aiki. Tsohuwar Hausa ba ta cakuɗa su ba. Mata-maza sunan yanayin jiki ne da aka haifi mutum da shi, bai aikata komai ba. Ɗan daudu sunan ɗabi'a ne, namijin da ya ɗauki salon mata a magana da tafiya da sana'ar abinci. Luwaɗi da maɗigo sunayen aiki ne. Da muka tattara su a buhu ɗaya muka rubuta jinsi a jiki, sai yarinyar da aka haifa da larura ta wayi gari ana nuna ta da baki a islamiyya kamar mai laifi.

Yanzu idan aka miƙo mini takarda in fassara, sai na tambayi mai ita wanne take nufi. In fom ne na asibiti, namiji ko mace ya wadatar. Inda aka rubuta cin zarafin jinsi, nakan sa fyaɗe da dukan mata da auren dole, tunda su ake nufi, kuma ba tsohuwar da za ta ji su a rediyo ta tambayi jikanta me aka ce. Wata jami'a ta taɓa yi mini ƙorafi cewa fassarata ta yi tsawo, ba za ta shiga allon sanarwa ba. Na ce ta rage girman tambarin ƙungiyar.