Ba Rana Ce Ke Kama Wata Ba

Tun muna yara muke jin cewa idan wata ya yi zazzaɓi, rana ce ta kama shi, har yara su fita suna kaɗa gwangwani don ta sake shi.

Wata ba shi da hasken kansa, daga rana yake samu. Idan duniya ta shiga tsakaninsu, inuwarta ce ke rufe shi har ya yi jajir. Shi ya sa husufin wata ba ya faruwa sai wata ya cika, wajen 14 ko 15 ga watan Musulunci.

Ku gwada a ɗaki mai duhu: ku haska lemo da tocila, ku gifta ƙwallo tsakaninsu, za ku ga inuwa ta lulluɓe lemon.

Don Allah ku tura wa ɗalibai wannan bayani.